Kafin Ka Ƙara wa Rediyon A-kori-kurarka Amfilifaya da Wufa

Duk wanda ya saba doguwar tafiya a cikin a-kori-kura ya san wannan matsala. Mota na tsaye, rediyo na ba da sauti ba laifi. Da zarar an hau babban titi, injin dizal ya ɗauki ƙugi, tayoyi suka fara gurnani a kan kwalta, sai kiɗa ya sirance, amon ganga ya ɓace, a bar direba da sautin da ba shi da jiki. In ya ƙara murya, sifikun ƙofa su fara ɓaɓatu, robobin ƙofar su kama rawa. Ba abin mamaki ba ne, domin motoci irin su Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa tun 1968, an yi su ne don ɗaukar kaya da jure mummunar hanya, kuma a ƙananan samfuransu kayan sauti ne abu na ƙarshe da kamfani ke kashe wa kuɗi. Daga nan ne mai mota kan nufi kasuwa, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko wata makamanciyarsu, a nuna masa kwalin amfilifaya mai ƙyalli an rubuta wat 3000 a jiki, ya biya, a haɗa masa a ranar. Abin da wannan rubutu ke son tabbatarwa shi ne, lambar da ke jikin kwali ita ce mafi ƙarancin amfani a duk harkar. Abin da ke sa aikin ya yi kyau abu uku ne: a auna wutar da motar ke iya bayarwa, a auna filin da ke cikinta, sannan a haɗa wayoyi bisa ƙa'ida. Wanda ya kiyaye waɗannan zai samu biyan buƙata da ƙaramin kaya, ba tare da ya cire rediyon da motar ta zo da shi ba.

Sai an fahimci dalilin gazawar rediyon kamfani kafin a san maganinsa. Wutar mota bolt 12 ce, in injin na aiki ta kai wajen 14. Ɗan ƙaramin amfilifayan da ke cikin rediyo, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da wannan wuta kaɗai yake aiki, kuma lissafi ya nuna cewa daga bolt 14 ba za a iya tura wa sifika mai om 4 fiye da wat 20 ko kusa da haka na sauti mai tsafta ba. Rubutun nan na wat 50 sau huɗu da ake gani a jikin rediyoyi da yawa ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido, wadda sautin ya riga ya lalace kafin a kai ta. Amfilifaya na waje yana da wani sashe a cikinsa da ke ɗaga wutar batir zuwa bolt 25 ko 35 ko sama da haka, kuma wannan ne sirrin ƙarfinsa. Ta ɓangaren sifika kuma akwai wata iyakar. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, abin da ake aunawa da Hz. Sauti mai kauri, wanda matasa ke kira bes, yana can ƙasa, kuma fitar da shi na buƙatar tura iska mai yawa. Duk lokacin da aka sauko da sauti zuwa rabin girgizarsa, misali daga Hz 80 zuwa 40, sai an tura iska ninki huɗu kafin a ji shi da ƙarfi ɗaya. Sifikar ƙofa mai inci shida da rabi, wadda ke maƙale a jikin siririn ƙarfe mai ramuka, ba za ta iya wannan aiki ba komai ƙarfin da aka ba ta.

A nan ne wufa, wato sifikar da aka yi don sauti mai kauri kaɗai, ke shigowa, kuma yawancin mutane ba su gane ainihin amfaninta ba. Ana ɗauka aikinta girgiza gilashi ne da sanar da unguwa cewa wane ya iso. Amfaninta na gaskiya rabon aiki ne. A ƙungiyar makaɗa ba a sa mai kalangu ya fitar da amon tambari. Kowa da kayan kiɗansa, kuma haɗuwarsu ce ke ba da daɗi. Idan aka ɗauke wa sifikun ƙofa duk sautin da ke ƙasa da Hz 80 aka miƙa wa wufa, sai su daina wahalar da ba za su iya ba, muryar mawaƙi ta fito tar, ɓaɓatun ya ragu. Ƙarar injin da ta tayoyi ma a wannan yanki na ƙasa ta fi yawa, shi ya sa bes ne ke fara nutsewa idan mota ta ɗau gudu. Wufa na mayar da abin da hanya ta haɗiye, har direba ya ji kiɗa cikakke ba tare da ya murɗa murya zuwa ƙarshe ba.

Tambayar farko da ake yi ita ce, me zai hana a cire rediyon kamfani a sa na kasuwa mai babban allo? A tsohuwar mota wadda rediyonta kaset ko faifai kawai yake ci, wannan shawara ce mai kyau. A motocin shekarun baya-bayan nan kuwa lamarin ya canza. Rediyon yana haɗe da maɓallan da ke kan sitiyari, da kyamarar baya, da makirufon amsa waya, a wasu ma ta allonsa ake saita wasu ayyukan motar. Cire shi na nufin ko a rasa waɗannan, ko a sayi ƙarin na'urorin haɗi, ko a yayyanka wayoyin da ba a san inda suka nufa ba. Ga shi kuma rediyon kamfani an gwada shi da zafi da girgiza fiye da yawancin masu arahar da ke kasuwa, kuma ɓarawo bai cika kula shi ba. Matsalarsa ɗaya ce: ba shi da mafitar nan ta RCA, jar waya da fara, da ake jona amfilifaya da ita. Hanya biyu ake bi a warware wannan. Ko dai a sayi amfilifayan da ke karɓar sauti kai tsaye daga wayoyin sifika, ko a sa ɗan akwatin da ke rage ƙarfin sautin wayar sifika ya mayar da shi irin wanda amfilifaya ke karɓa, wanda masu sayarwa ke kira LOC. Da yawa daga irin waɗannan suna gane shigowar sauti su kunna amfilifayan da kansu, su kashe shi idan an kashe rediyo, don kada ya kwana yana shan batir. Sai dai a lura, manyan samfura masu tambarin JBL a motocin Toyota ko B&O a na Ford suna da nasu amfilifayan da ya riga ya rarraba sauti, kuma wasu rediyoyin suna rage bes da kansu idan an ƙara murya don kare sifikunsu. A irin wannan hali sai rewaya ya gwada ya gano wayar da ke ɗauke da sautin ƙasa, kada ya kama wadda ta fi kusa da hannunsa.

Yanzu sai batun wat, inda aka fi yaudarar mai saye. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gabanta, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore. A Amurka akwai ma'aunin da ake kira CTA-2006, wanda ya ce a gwada amfilifaya da bolt 14.4 da sifika mai om 4, kuma gurɓatar sautin kada ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari. Kamfanonin kirki da yawa da shi suke aiki. Lambobin da aka rubuta Max ko PMPO kuwa na talla ne. Akwai hanya mai sauƙi da mai saye zai gane gaskiya tun yana tsaye a shago: ya dubi fis ɗin da ke jikin amfilifayan. Idan fis ɗin na amfiya 25 ne, to wutar da za ta iya shiga ba ta wuce 25 sau 14 ba, wato wat 350, kuma wani kaso nata zafi zai zama. Na'urar da wat 350 ke shiga cikinta ba za ta fitar da 3000 ba, ko wane ne ya ƙera ta. In ma da gaske take bayar da 3000 ɗin, sai ta ja sama da amfiya 250, alhali altanetar yawancin a-kori-kura masu matsakaicin girma tsakanin amfiya 70 zuwa 130 take bayarwa, kuma daga ciki ne fitilu da na'urar sanyaya mota da fankoki da kwamfutar injin ke shan rabonsu.

Wani zai ce ai ko ba a kai 3000 ba, gara mai yawa da mai kaɗan. Kunne bai yarda da wannan lissafi ba. Ninka ƙarfin amfilifaya, daga wat 300 zuwa 600, desibel 3 kacal yake ƙarawa, bambancin da ake ji amma ba mai yawa ba. Kafin mutum ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ƙara desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Ke nan wanda ya bar 300 ya sayi 600 ya ninka nauyin da ya ɗora wa altaneta da kaurin wayar da yake buƙata, a kan ƙari ƙalilan. Ga kuma wata garaɓasa da mai a-kori-kura ke da ita. Zangon sauti mai Hz 40 ya fi mita takwas tsawo, ɗakin motar kuwa, ko mai ƙofa huɗu ce, bai kai rabin haka ba. Saboda ƙanƙantar wurin, sautin ƙasa yana matse iskar ɗakin gaba ɗaya, ƙarfinsa ya riƙa ƙaruwa yayin da yake ƙara yin ƙasa. Shi ya sa wufa ɗaya mai inci 8 ko 10 da wat 200 zuwa 300 na gaskiya ke cika ɗakin Hilux, alhali a falon gida da ƙyar za a san tana nan. A zaɓi amfilifaya na rukunin D, wanda ke mayar da kashi 80 ko fiye na wutar da ya sha zuwa sauti, maimakon na rukunin AB da ke ɓarar da kusan rabi a zafi. A yankin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Agadas, kuma cikin motar da aka ajiye a rana ya zarce 60, wannan bambanci shi ke raba na'urar da ke aiki da wadda ke ɗaukewa a tsakiyar tafiya.

Fili shi ne abin da ya bambanta a-kori-kura da ƙaramar mota mai but. Bayanta a buɗe yake ga rana da ruwa da ƙura, kuma sautin da ke can ba ya shigowa ɗaki, don haka dole akwatin ya zauna a ciki: bayan kujera a mai ƙofa biyu, ƙarƙashin kujerar baya ko bayanta a mai ƙofa huɗu. An ƙera wufofi marasa zurfi musamman don irin wannan lungu, wasu kaurinsu bai wuce inci uku ko huɗu ba. Akwai kuma waɗanda aka haɗa wufa da amfilifaya a akwati ɗaya siriri da ke shiga ƙarƙashin kujerar gaba. Ba su kai na akwatin katako zurfin amo ba, amma sun wadatar da mutane da yawa kuma haɗa su ya fi sauƙi. Wanda zai sa kafinta ya yi masa akwati ya riƙe abu ɗaya: kowace wufa tana zuwa da takardar da ta faɗi girman cikin akwatin da ya dace da ita, kuma wannan awo ake bi, ba abin da ido ya ga ya yi kyau ba. Rufaffen akwati, wanda iska ba ta fita ko ta ina, shi ya fi dacewa da a-kori-kura. Ƙarami ne, yana yafe ɗan kuskuren awo, kuma raguwar da sautinsa ke yi a can ƙasa ita ce ɗakin motar ke cikewa. Akwati mai rami ya fi ƙara, amma ya fi girma, kuma in awon ramin ya kuskure sai a samu gunji ɗaya da ke maimaita kansa a kowace waƙa. A yi shi da katako mai kauri, a liƙe gaɓoɓinsa da gam, sannan a ɗaure shi da ƙusa mai zare a jikin mota, domin akwati mai nauyin kilo goma da ba a ɗaure ba makami ne ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Mafi muhimmancin sashe na aikin shi ne wanda ba a gani, wato waya. Amfilifaya mai wat 500 na iya jan amfiya 45 idan ya ƙure, kuma daga kan batir kai tsaye ake jawo masa wuta da waya mai kauri, lamba 8 ga ƙananan haɗi, lamba 4 ga manya, domin a wannan ma'auni ƙaramar lamba ce mai kauri. Dole a sa fis a kan wannan waya kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45. Fis ɗin da ke jikin amfilifaya na'urar yake karewa. Na kusa da batir motar yake karewa. Idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota ba tare da fis ba, batir zai tura mata ɗaruruwan amfiya nan take, ta yi ja, robarta ta kama da wuta a ƙarƙashin kafet. Saboda haka ne ma ake bi da ita ta ramin da ke da zoben roba idan za a tsallaka bangon da ke tsakanin injin da ɗaki. A kula da irin wayar: akwai mai arha wadda alminiyum ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kuma alminiyum kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin ruɓewa a mahaɗa. In an kankare bakinta aka ga fari a ciki, to ita ce. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya cin mota. Wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin mota, ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da na wayar wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure. Kukan nan siriri da ke tashi yana sauka tare da totur, yawanci daga at mara kyau yake. Kafin a fara komai a cire kan batir na nagetif, a nisanci wayoyi masu ruwan ɗorawa domin na jakar iska ne, kuma kafin a huda ƙasan mota a leƙa a tabbatar ba tankin mai ko bututun birki a wurin.

Bayan haɗi sai saiti, kuma a nan ne ake ƙona wufofi da yawa. Maɓallin da aka rubuta Gain a jikin amfilifaya ba na ƙara murya ba ne. Aikinsa daidaita ƙarfin sautin da ke shigowa da abin da na'urar ke iya ɗauka. Idan aka murɗe shi zuwa ƙarshe, amfilifaya zai nemi ba da abin da ba shi da shi, sautin ya gurɓace, zaren wayar da ke cikin wufa ya yi zafi har ya ƙone. Ƙa'idar ita ce a kai muryar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, a fara da Gain a ƙasa, a riƙa ɗagawa a hankali har wufa ta yi daidai da sauran sifiku, in aka ji sauti ya fara ƙazancewa a koma baya. A saita matatar LPF wajen Hz 80 don kada murya ta shiga wufa, a bar maɓallin ƙarin bes a sifili, a gwada maɓallin 0 da 180 daga kujerar direba a bar shi inda amon ya fi cika. A duba om kuma: wufa biyu masu om 4 da aka haɗa kai da kai, gindi da gindi, sun zama om 2, kuma ba kowane amfilifaya ke jure wannan ba. In fitilun mota na dusashewa duk lokacin da ganga ta buga, alama ce cewa an ɗora wa wutar motar abin da ya fi ƙarfinta ko wata mahaɗa ta saki. Kafasitar da ake tallatawa a matsayin magani ba ta samar da wuta, ajiya kawai take yi ta ɗan lokaci.

Akwai ƙorafe-ƙorafe biyu da suka cancanci amsa ta gaskiya. Na farko, mutane da yawa ba kiɗa suke ji a mota ba. Labaran BBC Hausa ne, ko karatun Alƙur'ani, ko wa'azi. Wannan gaskiya ne, kuma mai irin wannan saurare ba ya buƙatar wufa, domin muryar namiji ma, mai kauri, ba ta cika sauka ƙasa da Hz 85 ba. Abin da zai amfane shi sifikun ƙofa masu kyau ne, da liƙa abin hana girgiza a cikin ƙofofin, wataƙila da ƙaramin amfilifaya. Na biyu shi ne batun lafiya da haƙƙin jama'a, kuma ya fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi, kuma ma'auninta ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. A ma'aunin wuraren aiki, desibel 85 awa takwas ake yarda da shi a rana, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya koma minti 15. Mota mai wufa na iya wuce wannan cikin sauƙi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Direban da kiɗa ya rufe wa kunne ba zai ji hon ko jiniya ko sauyin kukan injinsa ba. A Najeriya akwai dokar hana hayaniya ta 2009 da hukumar NESREA ke kula da ita, amma tun kafin doka tarbiyya ta riga ta hana mutum wucewa da kiɗa ta gaban masallaci ko asibiti ko gidan makoki. Waɗannan dalilai ba su haramta wufa ba. Ƙarfafa hujjar ƙaramin haɗi suka yi, wanda ke ba da cikar sauti a murya madaidaiciya.

Saboda haka, mai a-kori-kura da ke son gyara sautin motarsa ya fara da auna lungun da akwati zai zauna, ya duba ƙarfin altanetarsa da lafiyar batirinsa, in motar ta ofis ce ko tana cikin garanti ya nemi izini tukuna. Ya sayi wufa ɗaya da amfilifaya wanda RMS ɗinsa ya yi daidai da nata, ya ware kuɗi na musamman don wayar jan ƙarfe da fis, ya nemi rewayan da zai yi aikin a natse ko da kuɗinsa ya fi yawa. Ranar karɓar mota kuma, kafin ya ce a kunna masa waƙa, ya buɗe bonet ya ga fis kusa da batir da idonsa, ya ja wayar at ya ji ta ɗauru. In babu ɗaya daga cikin biyun, aikin bai ƙare ba, kada ya biya.